Kafin Ki Ƙwace Wayar, Dubi Yadda Yake Sauka

 

Cikin wasiƙun da suka iso mana a wannan watan akwai ta wata 'yar'uwa daga Birnin Gwari, wadda ta nemi a sakaya sunanta. Kukanta a kan ɗanta ne mai shekara 12, wanda ya ɗora wa kansa wani wasa a wayar yayansa, wasan tuƙa jirgin sama mai saukar ungulu. Ta ce ba harbi yake yi ba, ba tsere ba, kullum abu ɗaya ne: ya tayar da jirgin, ya zagaya, ya zo sauka ya faɗi, ya ja tsaki ya sake. Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne, wannan yaron dai shi ne wanda lokacin yana ƙarami, da ya ji rugugin jirgin a sama sai ya ruga ƙarƙashin gado ya toshe kunne. Tana tambaya, ta hana shi ne ko ta ƙyale shi?

'Yar'uwa, amsata a taƙaice ita ce, kada ki hana shi kuma kada ki ƙyale shi. Ki jawo kujera 'yar tsuguno ki zauna kusa da shi. Amma zama kusa da yaro ba tare da sanin abin da yake fama da shi ba, gadi ne kawai, kuma yaro ya fi kowa gane mai gadi. Don haka yau za mu ɗan shiga cikin jirgin nan tare, domin ranar da kika zauna ki san abin da za ki kalla da abin da za ki tambaya.

Wadda ba ta zauna a wannan yanki ba, da wuya ta gane nauyin tambayar. A Kano ko Zariya, in helikwafta ya wuce yara fitowa suke yi suna ɗaga masa hannu. A Birnin Gwari ƙarar tana da wata ma'ana dabam. Dajin Kamuku, wanda gwamnatin tarayya ta mayar gandun daji na ƙasa a 1999, ya haura murabba'in kilomita 1,000, ga shi kuma ya haɗe da dajin Kuyambana na ɓangaren Zamfara. Shekara da shekaru wannan daji ya zama maɓoyar 'yan bindiga, hanyar Kaduna ta Buruku da Udawa ta zama sai da addu'a da rakiya. A watan Mayun 2018 an kashe mutum fiye da 40 a ƙauyen Gwaska, a 2019 kuma rundunar sojan sama ta buɗe ƙaramin sansani a Birnin Gwari. Yaron da aka haifa a tsakanin nan ya tashi ne yana jin ƙarar farfela da fuska biyu: taimako ya zo, sannan kuma akwai abin da ya sa taimakon ya zo. A Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar kara ta garin bayan sulhun da aka ƙulla, amma kunnen yaro bai san sulhu ba, abin da ya ji yana ɗan shekara 5 yana nan a ajiye.

To ni a ganina, yaron da ya tashi daga ƙarƙashin gado ya koma kujerar matuƙi, ko da a waya ne, ba baya ya ci ba. Ki tuna yadda 'ya'yanmu mata suke yi wa 'yar tsana allura bayan an dawo da su daga asibiti suna kuka. Abin da ya tsorata yaro shi yake kwaikwayo, har ya ji abin ya dawo hannunsa. Kuma ki lura da abin da ɗan nan ya zaɓa. Wasannin helikwafta masu bindiga da roka sun fi yawa, sun fi sauƙi, sun fi hayaniya. Shi ya bar su ya kama sauka, wadda ita ce mafi wuya kuma mafi buƙatar haƙuri a duk sha'anin jirgin.

Bahaushe ma da ya tashi raɗa wa jirgin suna, bai dubi tashinsa ba, bai dubi gudunsa ba, saukarsa ya duba ya ce mai saukar ungulu. Waɗanda suka tashi kusa da mahauta a da sun san ungulu ba ta faɗowa kamar dutse. Sai ta yi shawagi ta duba wurin, ta fuskanci iska, ta baza fukafukai ta rage gudu, ta miƙo ƙafafu, sannan ta dira. (Ungulun ma yanzu ta yi wuyar gani a garuruwanmu, yaranmu da yawa sunanta kawai suka sani a jikin jirgi.) Abin da ɗanki yake ta faɗuwa a kai ke nan, yana so ya yi abin da ungulu take yi ba tare da an koya mata ba.

Me ya sa abin yake da wuya haka? Direban mota in ya rikice sai ya taka birki ya tsaya a gefen hanya ya yi tunani. Sama ba ta da gefen hanya. Matuƙin wannan jirgi yana aiki da hannu biyu da ƙafa biyu a lokaci guda, kowanne da aikinsa. A hannun dama akwai wata sanda da ke tsaye tsakanin gwiwoyinsa. Ki ɗauki babbar farfelar da ke juyawa a saman jirgin tamkar faifai ne a hannunki, duk ɓangaren da kika karkata shi can tsaba za ta gangara. Haka sandar take yi, in ya tura ta gaba jirgi ya yi gaba, in ya karkata ta hagu ya yi hagu. A hannun hagu kuma akwai wani mariƙi a gefen kujera mai kama da birkin hannu na mota. In ya ja shi sama, fukafukan farfelar duka su ƙara cizon iska, jirgi ya ɗaga. In ya sassauta shi ƙasa, jirgi ya fara sauka. Sai feda biyu a ƙarƙashin ƙafafu, waɗanda suke sarrafa ƙaramar farfelar nan ta jela.

Ita ƙaramar farfelar ba ado ba ce. Duk wadda ta taɓa tuƙa tuwon biki a babbar tukunya ta san sai ta kafa ƙafa sosai, domin muciya na tafiya nan, jikinta yana son murɗawa can. To haka injin yake, yana juya babbar farfela ta wannan gefe, gangar jikin jirgin tana son juyawa ta ɗaya gefen. Farfelar jela ita ce ƙafar da aka kafa. Matsalar ita ce komai a haɗe yake da ɗan'uwansa. Da zarar matuƙi ya ja mariƙin hagu don ya ɗaga, ƙarfin murɗawar ya ƙaru, hancin jirgi ya fara juyawa, dole ya taka feda. Yana taka feda jirgin ya fara zamewa gefe, dole ya gyara da sandar dama. Yana gyarawa da sanda tsayin jirgin ya ɗan canza, ya sake komawa kan mariƙin hagu. A waya an sauƙaƙa abin, yawanci karkata wayar ita ce sanda, sauran kuma 'yan maɓallai ne a jikin gilashin, amma a wasan da aka yi shi da kyau wannan sarƙaƙiya tana nan.

Ga kuma wata: jirgin ba ya amsawa nan take. Kin taɓa shi yanzu, sai bayan ɗan lokaci kaɗan zai motsa. Sabon shiga yana ganin bai motsa ba sai ya ƙara, kafin ya ankara jirgi ya wuce inda yake so, sai ya fizgo da ƙarfi ta ɗaya ɓangaren, ya sake wucewa, daga nan sai lilo, kowane lilo ya fi na baya faɗi, har ya kifa. Irin abin da yake faruwa ne in kin aiki ƙaramar yarinya da kwanon kunu cike fal. Ta zuba wa kwanon ido, ya karkata nan ta gyara da ƙarfi, ya karkata can, kafin ta kai ɗakin kaka rabi ya zube. Wadda ta saba kuwa gabanta take kallo, hannunta yana gyara kansa a hankali. Masu koyar da tuƙin helikwafta na gaske abin da suke nanata wa ɗalibi ke nan: kada ka kalli ƙasan da ke gindinka, kalli can nesa, kuma ka riƙe sandar da 'yan yatsu, motsi kaɗan kaɗan. Ɗalibi na gaske yakan ɗauki sa'o'i da dama a sama tare da malami kafin ya iya tsayar da jirgin cak a wuri ɗaya. Saboda haka in kin ga ɗanki ya faɗi sau 30 a yini, ba daƙiƙanci ba ne. In ma kina so ki ba shi mamaki, ki leƙa ta kafaɗarsa ki ce, "Kai, ka cika fizga, yi a hankali ka kalli nesa." Za ki ga kallon da zai yi miki.

Ita saukar kanta tana da ƙa'ida. Da farko sai a san inda iska take kaɗawa, domin ana sauka ne ana fuskantar ta. Matuƙa suna dubawa ta hayaƙi, ko tuta, ko wata 'yar jaka mai kama da hannun riga da ake ratayewa a kan sanda a filin jirgi. Sannan ba a zuwa daidai saman wurin a sulalo tsaye kamar guga a rijiya, duk da cewa haka mu 'yan kallo muke zato. Ana gangarowa ne a karkace tun daga nesa, gudu yana raguwa tsayi yana raguwa tare, ta yadda matuƙi zai riƙa ganin ƙasa tana matsowa da kimanin saurin mutum mai sauri a ƙafa. Burinsa shi ne gudun ya ƙare daidai lokacin da ya rage kamar mita 1 tsakaninsa da ƙasa. A nan iskar da farfela take turowa tana bugun ƙasa ta zame masa kamar matashin kai, sai ya tsaya a kanta ya daidaita, sannan ya sauke mariƙin hagu sannu a hankali har ƙafafun jirgin su zauna. Kuma dole ya tabbata ba ya zamewa gefe a lokacin, domin in ƙafa ɗaya ta kama ƙasa jirgin yana tafiya gefe, a kanta zai juye.

Dalilin da ya sa ba a sulalowa tsaye da sauri kuwa yana da ban tsoro. In jirgin ba ya tafiya gaba sosai, kuma yana sauka da saurin da ya wuce ƙafa 300 a minti ɗaya, yana iya faɗawa cikin hargitsattsiyar iskar da shi kansa ya turo ƙasa. Farfelar sai ta riƙa juya iska ɗaya tana maimaitawa, ba ta kama komai ba. Matuƙin da ya firgita ya ja mariƙi don ƙara ƙarfi, sai abin ya ƙara muni. Mafita ita ce ya fitar da jirgin gaba ko gefe, ya shiga iskar da bai dama ba. Wasannin da aka yi da ilimi suna kwaikwayon wannan, kuma in ɗanki ya ce miki jirginsa ya faɗo haka kawai alhali ya ba shi wuta, yawanci abin da ya same shi ke nan.

Kada ki ɗauka wahalar a waya kawai take. Ranar 2 ga Fabrairun 2019, helikwaftan da ya ɗauko mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya zo sauka a garin Kabba na jihar Kogi. Rani ne, filin busasshe. Da jirgin ya kusa ƙasa sai iskar farfelarsa ta tayar da ƙura ta rufe shi, matuƙa suka daina ganin ƙasa, jirgin ya bugi ƙasa ya kwanta a gefensa. Allah Ya kiyaye, duka mutum 12 da ke ciki suka fita da rai. Hukumar binciken haɗurran jiragen sama ta ambaci ƙurar nan a rahotonta. Ƙwararru ne suke tuƙi, jirgin na zamani ne, amma 'yan daƙiƙun ƙarshe suka gagara. Yanzu ki auna matuƙin da aka tura ya sauka a wani ɗan fili a bakin dajin Kamuku cikin hunturu, ga hazo, ga ƙura, ga dogayen itatuwa kewaye, ga kuma waɗanda ba sa maraba da zuwansa. Idan kin ba yaronki labarin Kabba, ki tambaye shi me zai yi in shi ne. Amsar da matuƙa suke koya ita ce, in abu bai yi daidai ba a fasa saukar, a tashi a zagayo a sake gwadawa, kuma babu kunya a ciki. Ni wannan ita ce tambayar da na fi so uwa ta riƙa yi. Maimakon "sau nawa ka ci," ki ce "sau nawa ka ga ba daidai ba ka fasa?" Yaron da ya iya fasawa a waya, ana sa ran ranar da ya hau babur ya zo shan kwana a guje zai tuna.

Wata za ta ce, to duk da haka ai wasa ne. Gaskiya ne, amma wasa ne mai asali. A 1929 wani Ba'amurke mai suna Edwin Link, wanda mahaifinsa yake da masana'antar kayan kiɗa masu aiki da iska, ya ƙera wani akwati mai kujera a ciki, ya ɗora shi a kan zugazugai, in an motsa sanda akwatin ya karkata kamar jirgi. Da farko wuraren wasa ne suka fi sayensa, sai daga baya sojan Amurka suka gane amfaninsa, a Yaƙin Duniya na Biyu aka ƙera fiye da 10,000 aka horar da matuƙa da su. Tun daga lokacin na'urar kwaikwayon tuƙi ta zama wani ɓangare na karatun matuƙin jirgi, domin a cikinta ne mutum zai yi kuskuren da zai kashe shi a sama, ya tashi ya sha ruwa ya dawo. Na kwamfutar gida kuma, Microsoft Flight Simulator ya fara fitowa a 1982, a Nuwamban 2022 aka sanya helikwafta a sabon samfurinsa na lokacin. Shi wannan da hotunan tauraron ɗan'adam aka shimfiɗa duniyarsa, har mutum yana iya bin hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta sama, sai dai yana son kwamfuta mai ƙarfi da intanet mai kyau, abin da gidajenmu kaɗan ne suke da shi. Akwai kuma X-Plane, wanda yake da samfurin waya. Sauran na waya kuwa ba su ƙirguwa, kuma a nan ne aikinki yake.

Yadda za ki rarrabe mai sauƙi ne. Ki ce ya nuna miki saukar. In kin ga jirgin yana tsayawa cak da kansa da zarar ya saki hannu, yana dira duk yadda aka jefa shi, ga tsabar zinariya tana ta fitowa ana tafi, wannan abin ɓata lokaci ne da aka yi wa rigar jirgi. In kuwa kin ga agogai a gabansa masu nuna tsayi da gudu, jirgin yana zamewa yana gardama, yaro ya yi tsit har yana cije leɓe, to wannan yana koya masa wani abu. In kuma kin ga alamar saiti a tsakiyar gilashi da mutane suna gudu a ƙasa, 'yar'uwa, wannan a gidan da ya ga abin da Birnin Gwari ta gani ba wurinsa ba ne, a goge shi, kuma a gaya wa yaron dalili.

Sai abin da yake zuwa tare da wasannin kyauta, wato talla. Wasan ba kyauta ba ne, da idon ɗanki ake biya. Tsakanin tashi da tashi sai a watso masa tallar caca ko hotunan da ba za ki so ya gani ba. Maganin da ya fi sauƙi shi ne a sauke wasan, sannan a kashe data kafin a miƙa masa wayar. Akwai ma 'yar alamar jirgin sama a saman waya wadda in an taɓa ta take yanke layin gaba ɗaya, kin ga ta dace da mai tuƙin jirgi. Yawancin tallar ba ta zuwa in babu intanet. Kada kuma a bar katin banki a haɗe da wayar da yaro yake riƙewa, domin irin wasannin nan suna sayar da sababbin jirage da taɓawa ɗaya.

Lokaci kuma ke za ki yanka, ba shi ba. Ba na son in ba ki adadin mintoci kamar maganin asibiti, gida ya bambanta da gida, amma sharaɗin a bayyane yake: bayan an dawo makaranta da Islamiyya, an yi aikin gida, an yi aike, kuma wayar ba ta kwana a ɗakin yara. Kiran salla yana yanke tashi ko da jirgi yana tsakiyar sama, ai akwai maɓallin tsayarwa. Dabarar da ta fi "kawo wayar nan" aiki ita ce ki ce "saura sauka uku," domin yaro ya san ƙarshen yana zuwa kuma ya ƙarasa abin da ya fara. Ƙannensa ƙanana kuma a janye su daga kafaɗarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarar da ta fitar a 2019 ta ce yaron da bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban allo, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce sa'a 1 a yini. Ita dai hukumar ta sanya kamuwa da wasan gem a jerin cututtuka, amma ba kowane yaro mai son wasa take nufi ba. Tana nufin wanda wasan ya fi ƙarfinsa, ya ture karatu da barci da mutane, kuma ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar, har tsawon kimanin shekara guda. In kin ga haka, ko kin ga firgitar dare da fitsarin kwance sun dawo wa yaron da ya riga ya daina, to maganar ta wuce ta waya. A kai shi ga likita, in ta kama a nemi a tura ku asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Zuwa can ba ya nufin hauka, kuma tsoron da aka binne ba ya ruɓewa da kansa.

Yanzu ranar da zai ce miki, "Umma, ni matuƙin jirgi zan zama." Don Allah kada ki yi dariya, kada kuma ki ce in Allah Ya yarda kawai ki wuce. Ki gaya masa gaskiya, wasan waya ba ya mayar da kowa matuƙi, ba ya jin nauyin jirgi a jikinsa, ba ya jin tsoron da ke cikin abin. Amma hanyar tana nan, kuma abin mamaki a jiharku take. Kwalejin koyon tuƙin jiragen sama ta Zariya tun 1964 take, makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA a Kaduna ita ma 1964, sansanin sojan sama kuwa yana nan wajen Mando, inda motocin Birnin Gwari suke shigowa gari. A cikinsa akwai makarantar AFIT mai koyar da injiniyancin jirage, ga wanda hannunsa ya fi son gyara. Kuɗin karatun tuƙi a Zariya miliyoyin naira ne, sai mai hali ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa, kamar yadda jihar Kano ta tura ɗalibai 100 ƙasar Jodan a 2013. Hanyar soja ba ta kuɗi ba ce, ta jarrabawa ce da gwajin lafiya da juriya. Kowacce ya bi, ƙofar ɗaya ce: sakamako mai kyau a Lissafi da Fiziks da Turanci, domin da Turanci matuƙa suke magana da hasumiyar filin jirgi a duniya. Kin ga kin samu igiya. Yaron da yake gudun lissafi, ki tambaye shi, in jirginka yana ƙafa 1,500 a sama kana sauka ƙafa 300 a minti, minti nawa za ka yi? Zai lissafa kafin ki rufe baki, bai ma san darasi ya yi ba.

Kuma in 'yarki ce take leƙen wayar, kada a ce mata wannan na maza ne. Mace ta farko da ta zama matuƙiyar helikwaftan yaƙi a Nijeriya, Tolulope Arotile, a Kaduna aka haife ta a 1995, a makarantun sojan sama na Kaduna ta yi firamare da sakandare, ta shiga NDA ta karanta Lissafi, ta yi horon tuƙi a Afirka ta Kudu. An liƙa mata alamar matuƙa a watan Oktoban 2019, rana ɗaya da Kafayat Sanni wadda ta zama mace ta farko mai tuƙa jirgin yaƙi. Arotile ta yi aiki a farmakin da aka kira Gama Aiki a kan 'yan bindiga a jihar Neja, maƙwabciyarku ta kudu. Ta rasu ranar 14 ga Yulin 2020 tana da shekara 24, kuma ba a sama ba, mota ce ta buge ta a cikin sansanin Kaduna. Ko za ki yarda 'yarki ta bi wannan hanya ko ba za ki yarda ba, shawara ce ta ke da mahaifinta, kuma na san gidaje da yawa za su ce a'a, da dalilansu. Abin da nake roƙo kawai shi ne kada a rufe mata littafin Fiziks tun tana aji ɗaya saboda an riga an yanke cewa ba za ta buƙace shi ba. Mai kula da zirga-zirgar jirage a hasumiya da injiniya da mai hasashen yanayi duk a ƙasa suke aiki, kuma duk ta ƙofar nan suke shiga.

Abu na ƙarshe da iyaye ba su cika sani ba shi ne gwajin lafiya. Ana auna idon mai son zama matuƙi, ana auna jinsa, ana kuma duba ko yana rarrabe launuka, musamman ja da kore, domin da su fitilun jirgi da na fili suke magana. Rashin rarrabe launi gado ne, ya fi yawa ga maza, kuma yaro yana iya girma bai san yana da shi ba. Gwajin ba ya ɗaukar minti 5 a asibitin ido, wani ɗan littafi ne mai ɗigo-ɗigo masu launi da lambobi a ɓoye a ciki. Gara a sani yana ɗan 12, a karkata shi wajen injiniyanci tun da wuri, da a bari sai ya kai 18 ya ci jarrabawa a dawo da shi daga layin likita. Shi kuma abin sauraren nan da yake cusawa a kunne don ya ji rugugin inji, a rage masa ƙara. In kina zaune kusa da shi kina jin sautin yana fitowa, to ya yi yawa.

Masu tambaya a kan yaye da kuma kishi tsakanin 'yan uba, wasiƙunku sun iso, za mu ɗauke su a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Wassalam.